Haɗiyar Matan Ɗakin Duba

A shekarar 1984 Celina ta cika shekara shida tana shugabancin ɗakin duba yadi a wata masaƙa ta Kakuri, irin manyan nan da jiniyarsu ke tashin mutanen Makera daga barci. Mata goma sha takwas ne a ƙarƙashinta. Aikinsu ba shi da wuyar faɗi, yin sa ne wuya. Duk bandir ɗin yadin da ya fito daga ɗakin saƙa sai ya bi ta kan teburinsu, wani dogon tebur na gilashi mai fitila a ƙarƙashi, su riƙa jan sa a hankali suna kallo. Inda zare ya tsinke, ko ya tsallake, ko ya ƙulle, su sa allura da matsefata su gyara. Daga nan sai a rubuta a rajista: aibi kaza, a bandir kaza, daga hannun masaƙi mai lamba kaza.

To, a wajen rubutun nan ne maganar take. Dokar kamfani ita ce, duk masaƙin da lambarsa ta fito sau biyar a wata, a ba shi takardar tuhuma, wadda su suke kira kweri. Kweri uku, ya ajiye katinsa a bakin get ya kama hanyar gida. Su kuwa masu saƙar nan ba baƙi ba ne. Mijin wannan ne, ƙanin waccan, mai kaɗa ganga a cocinsu, maƙwabcin da ake layin famfo tare da matarsa. Saboda haka tun zamanin matar da Celina ta gada, matan ɗakin suna da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. In aibi ya zo, a gyara shi tsaf, a bar rajista da farinta. Haɗiya suke kiran abin. Sai ka ji wata ta ce, "Na Baba Matthew ne, zare uku a jere," wata ta amsa ko kai ba ta ɗago ba, "Haɗiye." In ƙarshen wata ya zo, Celina ta zaɓi goma ko sha biyu ta rubuta, ta rarraba su yadda ba wanda zai kai biyar, ta sa hannu a ƙasa.

Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. Yadi yana fita lafiya, 'yan kasuwa ba su taɓa dawo da shi ba, ba a kori kowa ba. A wurinta shugabanci ke nan, ka tare wa naka rana. Masu saƙar ma sun san ana yi musu. Foman ɗinsu, wato shugabansu a ɗakin saƙa, Ɗanjuma, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, in ya haɗu da Celina a hanya sai ya cire hula, alhali ko manaja ba ya cire wa.

Sai dai shekarar ta zo da nata. Auduga ta yi wuya, kayan gyaran inji sun daina zuwa daga waje, makanikai suka koma cire ƙarfe daga mataccen inji suna sa wa mai sauran numfashi, abin da ya ƙi zama su ɗaure shi da waya. Yadi ya riƙa fitowa kamar an yi faɗa a kansa. Matan suka daina fita hutun rana. Kowacce ta ɓoye ƙosanta ko burodinta a ƙarƙashin tebur, ta gutsira da hagu, dama na riƙe da allura.

Wadda ta fi kowa hannu a cikinsu Scholastica ce, mutuniyar Zonkwa, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Bayan rasuwar mijinta ne Celina da kanta ta yi mata hanyar aikin, shekara huɗu da suka wuce. A Makera gidansu ɗaya ne tsakani, a zumuntar mata ta coci benci ɗaya suke zama, kuma ko a ɗakin aiki Yaya take ce wa Celina, ba Madam ba. In ta gyara wuri, ko ka kawo fitila biyu ba ka gane inda aka taɓa. Bakinta kuwa ya fi allurarta tsini. Idanunta sun fara zubar da ruwa saboda hasken teburin, takan share da bayan hannu ta ce, "In na makance ku gaya wa Ɗanjuma shi zai riƙa jan sandata zuwa coci, kuma ba na son latti."

Manajan da ke kan sassan nan biyu, na saƙa da na duba, Malam Shehu ne, wanda aka kawo farkon shekarar da ta gabata bayan ya dawo daga kwas. Kada a ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne. Ba ya tsawa, ba ya karɓar ko goro, yana gaida masu shara da sunansu. A bangon ofishinsa akwai wani zane na akwatuna da layuka, mai nuna wa ke ƙarƙashin wa, tun daga babban manaja a bene har zuwa foman-foman. Abu ɗaya ne da shi: ya yarda da takarda kamar yadda wasu suka yarda da idonsu.

Ranar wata Litinin a farkon Yuni masinja ya zo ya ce ana kiran Celina. Ta tarar da rajistarta a buɗe a gabansa, ga na shekarun baya an jera a gefe.

"Madam Celina, bismillah, zauna. Yaya yara?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Na kira ki ne in yaba miki, sannan in gaya miki abin da ba daɗi. A duk sassan kamfanin nan babu rajista mai tsafta irin taki. Watan jiya aibi goma sha ɗaya. Wanda ya gabace shi, tara." Ya juya shafi. "To, daga bene an ce kowane sashe ya rage mutane. Ni ba na son in rage da ka, shi ya sa na zauna da takardu. Mata goma sha takwas, aibi goma sha ɗaya a wata. Ke kanki in kina kujerar nan, me za ki ce?"

Celina ta ce, "Ranka ya daɗe, dubawar ma ai aiki ce."

"Aiki ce. Amma dubawa mata shida sun isa, na auna da agogo. Gyara ne ke cin lokaci, ga shi kuma babu gyaran." Ya rufe rajistar a hankali. "Ƙarshen wata za a bar shida. In akwai abin da takardar nan ba ta nuna ba, ki kawo mini, amma a rubuce. Ba zan iya hawa bene da an ce an ce ba."

Da ta koma ta sa aka tsayar da tebur, ta gaya musu yadda aka yi, ba ta rage komai ba.

Scholastica ce ta fara magana. "Goma sha ɗaya a wata? Ni kaɗai yau kafin ƙarfe goma na yi tara."

"To ina suke?" in ji Celina.

"Suna cikin idona, ki zo ki ƙirga."

Ba wadda ta yi dariya. Wata mai suna Lydia, wadda mijinta ke saƙa a can ciki, ta ajiye matsefatarta ta ce, "In an rubuta, mijina ya tafi. In ba a rubuta ba, ni na tafi. Madam, ki zaɓa mini, ni kaina ya ɗaure."

Da ƙarfe biyu, lokacin da 'yan safe ke fita 'yan rana ke shiga, Celina ta tare Ɗanjuma a bayan ɗakin saƙa, wajen da ake zubar da tarkacen auduga. Shi kamar duk masu saƙa, ƙarar inji ta cinye masa kunne, in zai yi magana sai ka ce kiran wani yake yi a ƙetaren kogi. Amma da ya gama jin ta, muryarsa ta sauka.

"Maman Sunday," ya ce, haka yake kiran ta da sunan ɗanta na fari, "kin san sau uku ina rubuta takardar neman kayan gyara? Sau uku ana mayar mini. Wai injin da ba ya ɓata yadi, me zai yi da sabon ƙarfe. Har takardar yabo aka ba ni, tana gida, matata ta sa mata gilashi."

"To ka gani. Mu da kanmu muka yi wa kanmu."

"Na gani. Amma ki saurare ni. Layi na huɗu, injunan nan sun girme wasu yaran da ke aiki a nan. Wa kike zato na ba su? Ba ragwaye na ba ba. Baba Matthew na ba, da ire-irensa, don su kaɗai suka iya lallaɓa su. In kika rubuta gaskiya, gwanayena ne za su fito a matsayin 'yan ɓarna. Ragon da na ba sabon inji don kada ya kashe ni da haushi, shi zai fito fes."

"Ba sunan mutum zan rubuta ba. Lambar inji zan rubuta."

Ɗanjuma ya ce, "Inji ba ya karɓar kweri, Maman Sunday."

"Mata goma sha biyu, Ɗanjuma. Bakwai daga ciki ba su da kowa sai allurar nan."

Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya juya ya shiga cikin ƙara.

Da yamma tana tuƙa tuwo a tsakar gida tana juya maganar. Maigidanta direban tankar mai ne a matatar Rido, ya yi nisa a hanya, babu wanda za ta yi shawara da shi. Abin da ya tsaya mata shi ne, Malam Shehu mai hankali ne. In ya ga da idonsa cewa injuna ne suka mutu, ba mutane ba, zai san abin yi. Shekara shida tana ɓoye wa na sama gaskiya don ta ceci na ƙasa, yanzu kuma ta ga kamar gaskiyar ce kaɗai ta rage mata. Ta aika aka sayo mata littafin makaranta mai shafi sittin, ta ja layuka da rula: rana, lambar inji, irin aibi. Ba ta bar wa suna gurbi ba.

Washegari ta ajiye littafin a kan tebur ta ce, "Daga yau zuwa Litinin ba haɗiya. Komai ƙanƙantarsa a faɗa mini."

Da farko matan sun riƙa faɗa a ƙasa-ƙasa, kamar masu ba da shaida a kan 'yan'uwansu. Lydia kuwa, duk bandir ɗin da ta gane na mijinta ne, sai ta tura wa ta kusa da ita, ta kawar da kai. Kafin Laraba hannun Celina ya fara ciwo da rubutu. Ita kanta ba ta san abin ya kai haka ba. Ka san abin da kake yi kullum ba ka ƙirgawa, ba ka sanin yawansa. Ranar Litinin da ta haɗa, kwana shida kacal, ta samu dubu biyu da ɗari uku da wani abu. Fiye da rabi daga layi na huɗu.

Malam Shehu ya daɗe a kan littafin. Yana bin shafi da yatsa, ya koma baya, ya sake bi. Can ya cire tabarau ya ajiye.

"Na wata nawa ne wannan?"

"Kwana shida, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe ake haka?"

"Na tarar ana yi."

"Ban tambayi wanda ya fara ba." Ya dafa tsofaffin rajistocin. "Sa hannun wa ke ƙasan waɗannan?"

"Nawa ne."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Bara an samu izinin shigo da kayan gyara, sau ɗaya, ba a sake samu ba, ba kuma na zaton za a sake. Ni aka ce in raba. Na ba ɗakin rini, don su takardarsu ta nuna suna ciwo. Ɗanjuma ya zo nan ya tsaya inda kike, yana rantsuwa, na nuna masa rajistarki na ce ya koma bakin aikinsa. Da na ga littafin nan bara, Madam, da layi na huɗu yana da sababbin ƙoshiya da kayan ciki yanzu."

Celina ta ce, "Laifin inji ne, ba na mutane ba. Shi ya sa ban rubuta sunan kowa ba."

Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, jadawalin Ɗanjuma ne, mai nuna wa ke kan wane inji. Ya ajiye ta kusa da littafin. "Akwai irin wannan a bene. Minti goma ya ishe su haɗa biyun."

Nan take ta gane. Ta miƙa hannu. "To ba ni littafina, ranka ya daɗe. A bar shi a shidan. Ka ɗauka ban zo ba."

"Na riga na gani."

"Don girman Allah."

"In na mayar miki na yi shiru, gobe wani zai zauna a bene ya yanke hukunci a kan takardar da ni na san ba gaskiya ba ce. Abin da ya kawo mu nan ke nan." Ya sassauta murya. "Zan faɗa musu da bakina cewa injuna ne. Zan faɗa musu mutanen layi na huɗu su ne gwanaye. Zan roƙa a bar miki matanki duka. Amma dubi can." Ya nuna zanen bango. "Ga akwatina. Kin ga layin da ya hau sama daga kaina? Ni ma ɗauka nake yi in miƙa."

Ya kuwa cika alkawari, wannan kam masinja ya shaida, don ya ce ya ji muryar Malam Shehu ta bayan ƙofa har sau biyu tana tashi, abin da ba a taɓa ji ba. Amma su mutanen bene lissafinsu daban ne. Babu kayan gyara, babu ranar zuwansu. Layin da ke ɓata fiye da rabin yadi, a rufe shi. In an rufe shi, babu injin da za a ba mutanensa, tunda sauran layuka ma rage su ake yi. In kuma an rufe shi, rabin gyara ya tafi, to rabin masu gyara ma su tafi.

Ranar Juma'a ta ƙarshen wata aka liƙa takarda a allon sanarwa. Masu saƙa goma sha huɗu na layi na huɗu. Matan ɗakin duba tara, waɗanda suka shigo daga baya, bisa dokar da kamfani da ƙungiyar ma'aikata suka daɗe da yarda a kai, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita. Ɗanjuma an sauke shi daga foman an mayar da shi kan inji. Ita Celina an ba ta kweri, na farko a rayuwarta, amma an bar ta a kujerarta, wai babu wanda ya san aikin kamarta. An kuma buga sabon fom mai gurbin lambar inji, an ce littafinta ne aka kwaikwaya.

Ta tsaya a gaban allon tana ƙirgawa, ba don tana so ba, kanta ne ya ƙi bari. Da ta yi shiru, da mata sha biyu sun tafi. Ta yi magana, mata tara sun tafi da maza sha huɗu. Uku ta ceta. Sunan Scholastica shi ne na biyar a jerin mata. Sunan Lydia ba ya ciki, na mijinta yana ciki.

A bakin get ta ci karo da Baba Matthew. Ya ajiye katinsa, yana riƙe da wata 'yar jaka mai kofinsa da tsohuwar rigar aikinsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin. Ta so ta kauce, amma ya riga ya gan ta.

"'Yata."

Ta durƙusa. "Baba."

"An ce a littafinki aikina ya fi na kowa lalacewa."

"Ba aikinka ba ne, Baba, inji ne."

Sai da ta maimaita da ƙarfi kafin ya ji. Ya gyaɗa kai. "Nawa ne nawa a kwana shidan?"

"Baba, bari kawai."

"Faɗa mini. Ai nawa ne."

"Ɗari biyu da sittin."

Leɓen tsohon ya yi ta motsi kamar yana rarraba su a kan kwanaki. "Ni na ɗauka ɗaya ne ko biyu a mako kuke rufa mini asiri," ya ce. "Ina gaya wa yara, ku zo ku ga yadda ake riƙe tsohon inji. Ashe ku ne kuke saƙar a bayana." Babu fushi a muryarsa. "Da kun gaya mini, ko shekara uku baya, da na je na kwanta a ƙofar manaja har sai an gyara. Da kun gaya mini."

Ya wuce, yana tafiya a gefen titi a hankali. Ba ta sake jin muryarsa ba, don kafin ƙarshen damina 'ya'yansa suka mayar da shi gida Kagoro.

Daga ranar Celina ta canza hanya. Maimakon ta bi ta bakin kasuwa zuwa Makera, sai ta zagaya ta layin dogo, ko da akwai taɓo. A zumuntar mata ta koma bencin baya, tana fita kafin a gama addu'ar rufewa. Ba wanda ya zage ta. Gaisuwa ce dai ta gajarta, a wajen famfo a ce mata ina kwana a tsaya nan, babu yaya yara, babu yaya aiki. A ɗakin duba kuwa mata tara ke jan yadi ba hira, kowane aibi a faɗa, ta rubuta. Rajistarta yanzu gaskiya ce tsantsa, ana kai ta bene duk Juma'a, kayan gyara dai ba su zo ba.

Dalilin zagayen shi ne, an gaya mata Scholastica ta kafa murhu a bakin kasuwa tana gasa masara. Sai cikin watan Agusta, wata ranar da ruwa ya cika hanyar layin dogo, dole ta bi ta can. Ta hango ta tun daga nesa, a zaune kan wani gwangwanin fenti, tana fifita garwashi da kwali, hayaƙi na shiga idanun nan masu ruwa. Celina ta yi niyyar wucewa ta ɗaya gefen titi, ƙafarta ta ƙi.

"Sannu da aiki, Schola."

Scholastica ta ɗago, ta ƙanƙance ido. "A'a, Madam ce. Sannu, Madam. Yau kamfani ya biyo ta hanyar talakawa?"

"Kada ki ce mini Madam."

"To me zan ce? Ai ke ce Madam ɗin." Ta juya masara biyu da yatsa, ko zafi ba ta ji. "An ce har fom aka buga da littafinki. Sun sa hotonki a kai?"

"Schola, na ɗauka zan cece ku ne duka."

"Na sani."

"Da na san..."

"Da kin sani da me? Da kin yi shiru ma ai ina cikin sha biyun. Ni ta kowace hanya masarar nan ce ke jira na." Ta share ido da gefen zane. "Na zauna na yi lissafin, Yaya, ba sau ɗaya ba. Ni ma na ce haɗiye, sau dubu nawa. Ranar littafi kuma ni na fi kowa kawo miki, har ina gasa da Lydia. Matar Baba Matthew kafin su tafi ta zo nan ta sayi masara, na kasa kallon ta."

Wani mai keke ya tsaya, ta zaɓa masa guda, ta naɗe a ɓawo ta miƙa. Da ya tafi ta ce, "Su ukun da suka tsira, suna lafiya?"

"Suna lafiya. Martha ta haihu makon jiya."

"To madalla. Su ci, su ci da 'ya'yansu." Ta hura garwashin. "Ban ce kin yi laifi ba. Ban kuma ce ba ki yi ba. Ni dai ban gama sanin abin da zan ce miki ba, in na gama zan zo gida in same ki. Kafin nan ki daina bin layin dogo kamar ɓarauniya, ana ba ni labari, kunya nake ji."



Scholastica ta ɗauki masara biyu, ta ƙwanƙwasa su a gefen murhu toka ta zube, ta naɗe ta tura mata a hannu. "Kai wa yara. Ba ke na ba ba. Matsa gefe, kina tare mini masu saye."

Celina ta matsa. Ta tsaya a gefen kwata, masarar na ƙona mata tafin hannu, tana sauya ta daga wannan zuwa wancan. 'Yan aikin safe na ta wucewa rukuni-rukuni zuwa Makera, wasu sun san ta, suka ɗaga mata kai kaɗan suka ci gaba. Ruwa ya fara yayyafi. Scholastica ta jawo wani yankin kwano ta kare garwashinta, ba ta sake duban inda take ba.